Yadda Na Kai Hannuna Ƙasar Faransa Na Dawo da Shi

Tun ranar da na dawo makaranta a Isa ban ci abinci da zafinsa ba. Da na kai loma baki sai wani ya dafa ni: "Bawa, wai gaskiya ne an cire hannun an mayar?" Wani ya ce ya ji Faransawa sun sa mini na ƙarfe. Jiya wani ɗan aji ɗaya ya biyo ni har bakin rijiya yana roƙo in bar shi ya taɓa. To, na gaji. Ga labarin nan baki ɗaya, kowa ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Wanda ya ce na ƙara gishiri, ya je Sabon Birni ya tambayi Kaka Ige, in yana da kunnen banza.

Kaka Ige ita ta haifi babana, a ɗakinta na tashi. Ni take kira mijinta, ni kuma ina kiranta amarya, ko da yake haƙoranta na gaba sun riga ni barin gida. Doka ɗaya ta kafa mini a duniya: kada in shiga gulbi. Ruwa ya ci ƙanenta tun tana yarinya, ba ta kuma yafe wa ruwa ba har yau.

Da hutun kaka, ruwa ya janye ya bar tabkuna cike da kifi, sai na ce mata za ni gona. Na tafi lalube. Na zura hannu ƙarƙashin wata saiwa, na damƙi ƙurungu, shi ma ya damƙe ni. Kun san ƙayar da ke bayansa. Ta shige gindin babban yatsana na dama, na fizge, bakinta ya karye a ciki. Kifin ya tafi abinsa, ni na koma gida hannu a aljihu.

Kwana biyu, yatsa ya zama rogo. Kwana huɗu, tafin hannu ya zama ƙatuwar masa. Rana ta shida hannun nan ya kai ƙaramar kabewa, yana sheƙi, yana bugawa kamar an ɓoye makaɗi a ciki. Zafinsa kuwa, da kaza ta samu da ta ƙyanƙyashe ƙwai a kai. Kaluluwa ta fito mini a hammata, zazzaɓi ya biyo baya.

"Mijina, mi ya same ka ga hannu?"

"Wallahi amarya, haka nit tashi nig gane shi."

Ta ce to, in ba a san mafari ba, jifa ne. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, wanzami ya kafa ƙaho. Hannu ya ce bai san zancen ba. Baba ya ce a kai ni babban asibiti can kudu. Kaka ta ce sai dai a bi ta kan gawarta, don wani mutumin Gatawa ya tafi can da kumburin ƙafa ya dawo da sanda a madadinta. Sai Kawu Labbo, ƙanen mahaifiyata, wanda ke fatauci da jakuna tsakanin kasuwanninmu da ƙasar Faransa, wato ƙetaren iyaka inda Faransawa ke mulki, ya ce akwai wani likita a Maraɗi mai allurar da ke kashe kumburi. Ga shi Kaka tana da ƙanwa a Tsibiri, kusa da can. Baba yana tsakiyar girbin dawa, saboda haka aka yanke mu uku za mu tafi.

Da safen tafiya Kaka ta buɗe adudunta ta fito da dukiyarta ta duniya, wani baƙin turkudi mai walƙiya wanda ko ranar salla sai ta yi shawara da zuciyarta kafin ta yafa. Ta ce Buzaye ba su san ciwon fata ba saboda shuni yana sanyaya jiki. Ta lafta wa hannun man shanu, ta naɗe shi da turkudin tun daga yatsu har gwiwar hannu, ta ɗaure da zare.

"Wanda duk yak kwance wanga ɗauri kahin mu ga likita, ni da shi. Iska ba ta shiga."

Na fito da hannu kamar na saci jariri.

Muka bi ta Tsamaye. Kaka tana kan jaka mai hankali, ni aka ba ni wani jaki da Kawu ke kira Alƙali, don ba ya motsi sai ya gama nazari. Duk takun da ya yi sai makaɗin da ke hannuna ya amsa. Na gano in na ɗaga hannun sama bugun yana raguwa, sai na dinga tafiya da shi a sama. Duk ƙauyen da muka ratsa, mutane suka ɗauka jinjina nake musu. Wani tsoho har ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Na ce masa, "An gaishe ka." Kaka ta miƙo kara ta zuba mini a ƙeya.

Muka kwana a gidan wani abokin cinikin Kawu. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, aka ajiye a tsakiya, a nan na fara sanin abin da ke gabana. Hannun cin tuwo yana cikin turkudi. Na kai hagu, sai maigidan ya yi gyaran murya. Dole aka zuba mini nawa daban, aka ba ni ludayi, ina ci a gefe kamar mai kuturta. Na yi dariya a fili, amma a zuci na ce: in aka yanke shi fa? Haka za ni ƙare, ba cin tuwo da mutane, ba musafaha, ba alƙalami? Na ajiye ludayin.

Washegari da hantsi muka isa iyaka. Ni da na sha ganinta a taswirar aji, jan layi mai kauri, na zaci za ni tarar da ganuwa, ko aƙalla igiya. Wani guntun dutse ne a tsakiyar gonar wani, akuya tana sosa baya da shi. Gindin akuyar yana ƙasar Ingila, kanta yana cin karan Faransa, ba wanda ya tambaye ta takarda.

Mu aka tambaya. Gaba kaɗan akwai rumfar 'yan duwan, masu binciken kayan fatake. Kawu ya daɗe yana gaya mana yana jin Faransanci kamar ruwa. Ya gyara hula ya ce, "Bonzur!" Ɗan duwan ya zubo magana mai tsawo. Kawu ya ce, "Wi." Ya ƙara zubo wata. Kawu ya ce, "Marsi." Ruwan ya ƙafe ke nan. Sai mutumin ya juya harshe, ya yi Gobiranci tsantsa wanda ya fi na Kawu, ga tsagen Gobirawa a kumatunsa irin na Kaka sak.

"Kai Labbo, sabon salo kunka samo? Da cikin buhun gero kuka ɓoye turkudi, yanzu ga hannun yara kuka naɗa shi?"

Kaka ta diro daga kan jaka. "Ɗan wa kake? Wa ah uwarka?"

Ya faɗa. Ashe ta san kakarsa, har ta san wadda ta yi mata kitson aure. Duk da haka ya ce aiki aiki ne, Inna, sai ya duba. Ya ɗaga gefen ɗaurin kaɗan, ya kai hanci. Man shanu na kwana biyu a rana, da gumi, da abin da ke ƙasa, suka tarbe shi gaba ɗaya. Ya ja baya taku bakwai, ya sara mini kamar ya ga kwamanda, ya ce mu wuce, Allah shi ba da lafiya, kada mu tsaya ko'ina.

Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙasar Faransa shi ne rashin abin mamaki. Gero irin namu, rumbuna irin namu, zagin jaki irin namu. Sai da muka hau babbar hanya na ga bambanci. A wurinmu mota hagu take bi. Can kuwa dama. Muka hango wata babbar mota ta taso, ni ɗan makaranta na ce kowa ya bar mini, na san doka, na ja Alƙali zuwa gefen da na tabbata ba nata ba ne. Nata ne. Direba ya danna ƙaho, Alƙali ya yanke hukunci mafi sauri a rayuwarsa, na tsinci kaina cikin gonar gyaɗa a kwance, hannu a sama. Ko a faɗuwa ban bar jinjina ba.

A Tsibiri muka sauka wurin ƙanwar Kaka, Inna Tumba. Shekara da shekaru ba su haɗu ba. Suka rungume juna suka yi kuka, kafin a kawo ruwa sun fara faɗa a kan wata tasa da uwarsu ta bari. Furarsu ta fi tamu ruwa, amma nono ba rowa. Jikan Inna Tumba ya kawo mana burodinsu daga kasuwa, dogo siriri mai tauri. Kaka ta juya shi, ta ƙwanƙwasa a ƙasa, ta ce a ajiye mata, za ta kora jaka da shi a komawa. Shi jikan ne ya je ya tambayo mana lokacin ganin likita, ya dawo ya ce ƙarfe goma sha biyar. Na ce masa agogo a sha biyu yake ƙarewa. Ya ce nasu har ashirin da huɗu yake kaiwa. Kaka ta ce shi ya sa duk suka rame, yini biyu suke yi a rana ɗaya.

Ƙarfe goma sha biyar ɗin, tsakanin azahar da la'asar ne. Muka isa Maraɗi, muka shiga wani ɗaki mai warin magani. Ma'aikacin likita ya zaunar da ni, ya yanke zaren, ya fara warware turkudi. Kaka tana cewa a hankali, ba tsumma ba ne. Da ya kai ƙarshe sai ya tsaya cik.

Hannuna baƙi ƙirin. Ba irin baƙin fatata ba. Tafin hannu, da farata, da tsakanin yatsu, duk sun yi baƙi mai shuɗi-shuɗi kamar gindin tukunya, ga kumburi, ga wari. Ma'aikacin ya dubi Kawu ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma na ji. Ya ce naman da ya yi baƙi haka ya mutu, in ba a raba shi da jiki ba zai ja sauran. Ya sa gefen tafinsa ya nuna daidai wuyan hannu, ya sake dubawa, ya matsa sama kusa da gwiwa. Sa'an nan ya fita da sauri kiran likita.

A nan ba za ni ƙara gishiri ba. Na dubi wani faranti da aka jera ƙarafa a kai, na ji fitsari. Kawu ya manta da Faransanci har da Hausa. Kaka ba ta yi ihu ba. Ta zo ta tsaya tsakanina da farantin, ta riƙe kafaɗata.

"Ni nik kawo shi," ta ce a hankali. "Da hannu biyu nik kawo shi."

Likita ya shigo. Baƙar fata ne, dogo, mutumin can bakin teku, da tabarau. Hausarsa tana ɗingishi, yana ce wa Kaka "kai", amma za ni miƙe muku ita. Bai dubi farantin ba. Ya ɗora bayan hannunsa a kan nawa. Sa'an nan ya sa yatsa ya latsa gindin babban yatsana.

Ihun da na yi, an ce jakunanmu da ke waje sun amsa.

Likita ya yi murmushi. "Madalla. Hannun da ya mutu sanyi yake yi, kuma ba ya ihu. Wannan yana da zafi kamar gindin murhu." Ya ɗaga yatsan da ya latsa ni da shi, ya duba. Ya yi shuɗi. Ya dubi turkudin da ke hannun Kaka, ya dubi ma'aikacinsa, ya ce a kawo ruwan ɗumi da sabulu.

Kwano uku aka zubar, kowanne kamar daga marina. A na huɗu tafin hannuna ya bayyana, jajir, a kumbure, mummuna, amma da ransa. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba. Ma'aikacin ya yi ta ba Kaka haƙuri, ita kuwa tana duban kwanon tana cewa rabin kyan turkudinta ke nan aka zubar a ƙasa.

Likita ya ce, "Me ya soke ka?"

"Ba komai. Haka na tashi na gan shi."

"Ƙarya kake, yaro. Mutanen da ke cikin jininka ba sa yaƙin kwana tara da ba komai."

Kaka ta ce waɗanne mutane? Sai ya jawo kujera ya zauna, yana nuna mata a hannuna. Ya ce in wani abu ya huda fata ya shigo da ƙwayoyin cuta, naman wurin yana sakin wasu sinadarai, ɗaya sunansa histamin. Su ne masu shela. Da sun fita sai ƙananan hanyoyin jini na wurin su buɗe, jini ya kwararo da yawa, shi ne jan da zafin. Bangon hanyoyin kuma ya saki, ruwa ya tsattsafo cikin nama, shi ne kumburin. Ya ce ko cizon sauro da ke tashi ya yi ƙaiƙayi, aikin histamin ɗin nan ne, ƙarami. Wasu sinadaran kuma suna tsokanar jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, don mai hannu ya bar hannu ya huta.

"An buga tambari, an buɗe ƙofofin birni," in ji Kaka.

Likita ya ce ta fi shi iya faɗa. Ya ce a cikin jini, ban da jajayen ƙwayoyi, akwai farare. Da sun ji shelar sai su manne a bangon hanya, su matse jiki su fice ta tsakani, su bi ƙanshin sinadaran har inda cutar take. Na farkon zuwa masu gaggawa ne, suna haɗiye ƙwayoyin cuta su mutu a wurin. Gawarwakinsu ne mugunya. Daga baya wasu manya masu nauyin jiki su iso, su cinye abin da ya rage, su share fili don nama ya tsiro. Kaluluwar hammata kuwa, sansani ne da ya cika da aiki.

"Amma muddin abin da ya shigo yana ciki, ba a daina buga tambarin. Yaƙin da ya ƙi ƙarewa kuwa, garin yake ci. Da kun ƙara kwanaki, da ba sabulu za mu nema ba."

Aka riƙe ni mutum uku. Za ni so in ce ban yi kuka ba, amma Kawu yana da rai. Likita ya tsaga wurin kaɗan, abin da ya fito ba za ni kwatanta ba don wasunku suna cin abinci. Ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani abu, ya ɗauraye, ya ɗora a tafin Kaka. Guntuwar ƙaya ce fara, mai ƙananan haƙora a gefe kamar zarto.

Kaka ta kai ta kusa da ido. Matar da ta shekara sittin tana gyaran kifi.

"Bawa." Ba ta ce mijina ba. "Yaushe ƙurungu yaf fara hita gona?"

Likita ne ya cece ni. Ya ce mu zo mu ga mayaƙan. Ya shafa ɗigon mugunyar a kan ɗan gilashi, ya busar, sa'an nan ya ɗauko wata kwalba ya ɗiga masa ruwa shuɗi, ya ce sai an rina su ake ganinsu. Kaka ta dafe ƙirji.

"Labbo, kana gani? Shi ma shuni yaka sa musu! Mi nic ce muku?"

Ya sa gilashin a madubin likita, na leƙa da ido ɗaya. Jama'a, ga su nan birjik, ƙulu-ƙulu, kowanne da wani abu a tsakiya kamar ƙullin goro biyu ko uku. A cikin wasunsu ana ganin ƙananan ɗige-ɗige, likita ya ce cutar ce da suka haɗiye kafin su mutu. Na yi ta nema ko za ni ga mai tsage a kumatu. Kaka ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Duk waɗanga sun mutu?"

"Duk."

"Sabadda wanga ɗan banza?"

"Saboda shi."

Ta gyara ɗaurin zane. "Da abokin gaba cikin ciki sunka mutu, ba wanda yab ba da baya. Gobirawa na." Sa'an nan ta roƙi likita ya ba ta audugar da aka share hannuna da ita. Ya ce ƙazanta ce, ƙonewa ake yi. Ta ce a garinsu ba a ƙone wanda ya mutu a fagen fama. Suka yi ta ja, a ƙarshe ya yarda ma'aikacinsa ya haƙa rami mai zurfi a bayan ɗakin ya binne, tana tsaye tana kallo. Ta hana ni dariya, ta ce in cire hula.

Kwana biyar muka yi ana mini allura safe da yamma, likita ya ce gudummawa ce ake aika wa mayaƙan. Ba a hannu ake yin ta ba. A inda ake zama a kan jaki ake yi. Saboda haka na komo gida a kife bisa Alƙali kamar buhun gero, ɗan duwan ya sake sara mini, wannan karon daga baya.

Duk tsawon hanya Kaka ba ta ta da zancen gulbi ba, shirun nan kuwa ya fi allura ciwo. Ranar da aka kwance ɗauri a gida, kumburi ya saɓe, fata tana saɓulewa kamar ta maciji, ta tuƙa tuwon dawa da kanta ta ajiye a gabana. Ba ludayi. Na sa hannun dama na yanko loma, babban yatsa ya lanƙwasa, ya riƙe, ya kai baki. Ta zuba wa hannun ido har na yi loma uku. Sai ta juya tana share fuska da gefen turkudin, wai hayaƙi ne, alhali an daɗe da kashe wuta.

Na ce, "Amarya, kin ga kin shafa wa fuskarki shuni. A kira likita?"

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙayar ƙurungun ta ajiye kusa da akushi.

"Ci ka ƙoshi, mijina. Hannu na likita na, ya ce kada a taɓa shi wata guda. Amma ban ji ya yi zancen kunne ba."

Masu tambaya me ya sa kunnena na hagu ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura ranar da na dawo makaranta, yanzu kun san sunan abin da ke aiki a ciki. Kun kuma san wadda ta buga tambarin.